Yadda Ake Gano Tushen Ƙarar Birkin Ganga na Bayan Mota

Birkin gaba mai faifai a fili yake. Kana iya leƙawa ta tsakanin wili ka ga ko fad, wato abin da yake matse faifan, ya cinye. Birkin baya na ganga kuwa a rufe yake ruf, sai an cire taya an zare gangar kafin a ga abin da ke ciki. Shi ya sa mota take yin shekara biyu ko uku ba wanda ya buɗe bayanta, har sai ranar da ta fara kuka. Idan kuma ta fara, abin da aka saba shi ne a kai ta gareji a ce "bayan motar nan na ƙara", bakanike ya zura sukudireba ya ɗaure ajasta, ko ya ce a sayo sabon shu, wato ƙarfen da yake matse ganga daga ciki. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma ƙarar ta dawo bayan 'yan kwanaki, kuɗi sun tafi, ciwon yana nan inda yake.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, kunnenka da birkin hannu suna iya kai ka kusa da amsa. Abin da ya fi taimako shi ne ka san lokacin da ƙarar take zuwa, domin sauti yana ruɗar kunne, musamman a cikin mota inda ƙarar baya take iya zama kamar daga ƙarƙashin kujerar direba take fitowa, amma lokacin zuwanta ba ya ƙarya.

Tabbatar da cewa ganga ce

Leƙa ta cikin wilin baya. Idan ka ga faifai mai sheƙi da ƙarfe ya cije shi ta gefe, ba ganga ba ce. Idan ka ga kwano na baƙin ƙarfe a kife, mai tsatsa, ita ce, wadda makanikai suke kira dram. Yawancin Corolla na 2003 zuwa 2008 da aka shigo da su daga Amurka ganga ce a bayansu, haka Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001, da Golf 3 mai ƙaramin inji, da Civic da yawa, da Hilux da Hiace. Akwai kuma motoci masu faifai a baya waɗanda aka ɓoye ƙaramar ganga a tsakiyar faifan don birkin hannu kaɗai. Wannan ƙaramar ma tana ƙara idan sifirin ya karye ko lainin, wato abin da aka manna a bayan shu yake gogar ganga, ya ɓamɓare, amma ba ruwanta da birkin ƙafa.

A cikin gangar akwai farantin baya, wanda ba ya juyawa, kuma a kansa aka ɗora komai. Akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, kowanne da lainin a bayansa. A sama akwai wil silinda, wadda man birki yake shiga ya tura fistin biyu su buɗa shu har su matse cikin ganga. Akwai sifirin da suke janyo shu su dawo idan ka ɗaga ƙafa, da ƙananan sifirin biyu masu fil da suke danne kowane shu a jikin faranti, da ajasta da take rage tazara yayin da lainin yake cinyewa, da hannun da wayar birkin hannu take ja. Duk ƙarar da za ka ji, ko dai ɗaya daga cikin waɗannan ne ya cinye, ko ya saki, ko ya maƙale, ko kuma wani abu ya shiga inda bai kamata ba.

Mataki na farko: saurara

Kwashe kayan da ke cikin but. Jak da sifana da safaya taya da ba a ɗaure ba sun sa mutane da yawa sun canza shu mai lafiya. Kashe rediyo da fanka, sauke gilasan baya, ka nemi titi mai santsi marar cunkoso. Idan akwai doguwar katanga a gefen titin, bi kusa da ita a hankali, tana dawo maka da sautin, ka bi ta wannan hannu ka dawo ta wancan, sai ka gane ɓarin da yake ƙara. In da hali, sa wani ya zauna a kujerar baya.

Ka amsa wa kanka waɗannan: ƙarar sai ka taka birki take zuwa, ko tana nan ko ba ka taka ba? Tana tafiya da juyin taya, wato tana sauri idan mota ta yi sauri, ko a miƙe take? Da safe kaɗai take yi ta wuce, ko sai mota ta yi zafi? A ribas ko a gaba? A kan gargada ko a kan kwalta mai kyau? Sannan yaushe ta fara: bayan an yi aikin birki, bayan ka ratsa ruwa, bayan an wanke mota, ko bayan ta daɗe a ajiye?

Mataki na biyu: gwajin birkin hannu

Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, kuma a mota mai ganga shu ɗin da birkin ƙafa yake turawa su ne yake ja. Saboda haka shi ne yake raba gardama tsakanin gaba da baya.

A fili marar mutane, kana tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a awa, danne maɓallin kan birkin hannu da babban yatsa kada ka sake shi, ka ɗago hannun a hankali har ka ji mota ta fara jan jiki, sannan ka mayar. Kada ka fizge. Kada ka yi a kan kwalta mai ruwa ko yashi, kada kuma ka gwada a motar da birkin ajiyarta na maɓallin lantarki ne ko na takawa da ƙafa, don waɗannan ba a iya sarrafa su sannu-sannu.

Idan ƙarar da kake ji da birkin ƙafa ta fito da birkin hannu, daga ganga take. Idan ka ja birkin hannu shiru, amma da ka taka ƙafa ta dawo, fara duba gaba. Idan ƙarar irin wadda take nan ce ko ba a taka birki ba, sai ta ɗauke ko ta canza da ka ɗan ɗago hannun, to wani abu ne ya saki a cikin ganga, birkin hannun ya tattaro shi ya danne. Idan kuwa ko gezau ba ta yi ba, da wuya ace birki ne. Nemi boris, ko taya mai cin gefe, ko shokozoba, ko bushin, ko salansa da robarta ta tsinke.

Boris yana da nasa gwajin. Kukansa gurnani ne a miƙe, wuuu, wanda yake ƙaruwa da gudu, yawanci daga kilomita 40 ko 50 zuwa sama. A titi mai faɗi, karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan dama. Idan ka karkata hagu nauyi yana komawa tayoyin dama, don haka in gurnanin ya ƙaru a nan, galibi boris na dama ne.

Ƙara da gwajin zafi. Yi tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili na baya, kada ka taɓa. Su biyun ya kamata su kasance da ɗumi iri ɗaya, kaɗan. Wanda ya fi zafi sosai, ko yake warin ƙuna, birkinsa yana riƙe. Akwai kuma akasin haka: bayan ka taka birki sau da yawa, idan ɓari ɗaya ya yi ɗumi ɗayan yana nan da sanyinsa, mai sanyin ba ya aiki ko kaɗan.

Abin da kowace ƙara take nufi

Gurzar safe. Ka tayar da mota, birki biyu ko uku na farko ka ji shuuu ko ƙurrr mai laushi, wani lokaci har birkin ya kama da ƙarfi fiye da yadda ka taka, sannan komai ya wuce. Tsatsa ce ta kwana a cikin ganga. Gangar zubin ƙarfe ce marar fenti a ciki, raɓa ko ruwan sama ko wankin mota na dare ɗaya ya isa ya sa ta yi ja, lainin kuma ya share ta da kansa. Da damina wannan ba abin damuwa ba ne, kada ka kashe ko kwabo a kai. 'Yar uwarta ita ce gau ɗin nan da ake ji idan mota ta yi mako ko fiye a ajiye da birkin hannu a sama: lainin ne ya manne da ganga ya ɓalle. Idan za ka ajiye mota na tsawon lokaci, bar ta a giya ka sa waigi, ka sauke birkin hannu. Amma idan bayan gau ɗin ka fara jin wata sabuwar ƙara, buɗe a ranar, don mai yiwuwa lainin ya zauna a jikin ganga, ƙarfen shu ya tafi ya bar shi.

Ƙiiii mai tsini idan mota ta kusa tsayawa. Wannan ita ce ta fi yawa a wajenmu, kuma ƙura ce kan gaba. Faifai yana watsar da ƙurarsa waje, ganga kuwa tana tara tata a ciki, ta haɗu da ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya. Dalili na biyu shi ne lainin ya ƙone ya yi sheƙi saboda zafi, ko don an yi tafiya da birkin hannu a sama, ko don an ɗaure ajasta fiye da kima. Na uku shi ne lainin mai tauri marar inganci. Ƙarar ba ta nufin birki zai ƙwace gobe, amma lainin da ya yi sheƙi ba ya kamawa yadda ya kamata.

Ƙurrr mai kauri, kamar an sa dutse a injin niƙa, duk lokacin da ka taka. Lainin ya ƙare, ƙarfe yana cin ƙarfe. Fad na gaba da yawa suna da ɗan ƙarfen da yake kuka ya yi gargaɗi kafin su ƙare, shu ba shi da wannan. Ranar da ka ji ƙarar, an riga an fara ɓarna, kuma kowace tafiya tana ƙara yanka gangar har ta wuce gyara. Wannan motar gareji za ta nufa kai tsaye, a hankali.

Shaf-shaf-shaf da take bin juyin taya ba tare da an taka birki ba. A nan masu laifin suna da yawa. Farantin baya yana iya lanƙwashewa, ko don dutse ya doke shi ko don wani ya sa ƙarfe ya banƙare ganga da shi, sai gefensa ya riƙa shafar ganga. Tsatsa tana iya taruwa a leɓen ganga. Tsakuwa tana iya maƙalewa tsakanin faranti da ganga. Sifirin da ya karye yana iya faɗawa ƙasa ya riƙa yawo. Ko kuma ganga ta daina zama da'ira sosai, an kuma matso da shu kusa, tana taɓa shi sau ɗaya a kowane zagaye.

Ƙwas guda ɗaya idan ka taka, ko idan ka ɗaga ƙafa, ko idan ka fito daga ribas ka taka birkin farko a gaba. Wannan ita ce makanikai suka fi kuskurewa, don ba a ganinta sai an cire shu. Kowane shu yana zamewa ne a kan wurare uku da suka ɗan tashi a jikin farantin baya, shida ke nan a kowace taya. Daga kamfani ana shafa musu ɗan giris. Idan suka bushe, gefen shu yana cin su har ya yi musu kwari, sai shu ya riƙa faɗawa kwarin, idan aka taka ya yi tsalle ya fito da ƙara. Ajasta da ta maƙale ma tana kawo irin wannan, domin tazara ta yi yawa, shu sai ya yi doguwar tafiya kafin ya doki ganga. Alamarta ita ce feda ta yi ƙasa, birkin hannu kuma ya yi sama sosai.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas mai maimaituwa lokacin da kake taka birki, bayan an fere ganga a inji ko an sa sabuwa mai arha. Wuƙar injin ta bar zane mai zagaye irin na zaren noti a cikin gangar. Zanen yana jan shu waje, sifirin ya dawo da shi ya doki faranti, haka ta yi ta yi.

Gurnani ko nishi, guuu, a tafiyar sannu, tare da taya ɗaya ta baya da take saurin ƙamewa ta ja ƙasa. Mai ya jiƙa lainin. Mutane suna zaton mai santsi zai sa, amma man birki idan ya haɗu da ƙura yana zama danƙo, sai lainin ya riƙa kamawa yana saki. Duba tulun man birki a gaban mota. Idan yana raguwa kana ƙarawa, kuma ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, a cikin ganga yake tafiya.

Feda tana bugun ƙafarka, bayan mota yana kaɗawa, ƙarar tana zuwa tana tafiya. Ganga ta karkace. Idan sitiyari ne yake rawa, faifan gaba ne. Idan kujera ce da jikin mota, kuma ka ji bugun a hannunka lokacin gwajin birkin hannu, ganga ce. Zafi ne yake kawo wannan: direba ya sauko doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ƙafa a kan birki maimakon ya sa ƙaramin giya, ya tsaya ya ja birkin hannu da ƙarfi a kan ganga mai zafi, ta huce a haka. Ko ya faɗa ruwa da ita tana zafi. Kada ka haɗa wannan da bugun da birkin ABS yake yi, shi sai an taka da ƙarfi ko a wuri mai santsi yake zuwa.

Ƙwal-ƙwal a kan gargada, wadda take ɗaukewa idan ka ɗan taɓa birki: fil ɗin da yake danne shu ya tsinke, ko sifirin ya gaji, ko sandar ajasta ta fita daga mazauninta.

Mataki na uku: ɗaga mota ka juya taya

Wuri mai ƙasa mai tauri da daidaito. Sa mota a giya, sa waigi a tayoyin gaba ta gaba da ta baya, sassauta notin taya, ɗaga, sannan ka tokare motar da ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulo kuma yana fashewa ba sanarwa. Sauke birkin hannu gaba ɗaya.

Kafin ka cire taya, juya ta da hannu ka saurara. Ɗan shafi mai laushi da yake daidai a duk zagayen ba laifi. Idan tana juyawa ta cije a wuri ɗaya ta saki, ganga ba daidai take ba. Idan ba ta juyawa sai da ƙarfi, birki yana riƙe. A Hilux da Hiace tayoyin baya su ne masu jan mota, don haka sai an sa ta a firi, kuma dama za su fi nauyin juyawa. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Idan tana motsi, boris ya saki, kuma boris mai wasa yana sa ganga ta karkata ta shafi faranti, ka yi ta neman laifi a birki alhali ba nasa ba ne.

Idan tayar a riƙe take, akwai hanyar gane mai riƙon. Leƙa ƙarƙashi ka taɓa wayar birkin hannu. Idan ka sauke hannun amma wayar ba ta saki ba, ta yi tsatsa a cikin rigarta. Idan wayar lafiya, sassauta ɗan nonon fitar da iska da ke bayan silinda kaɗan. In mai ya fito da ƙarfi taya ta saki nan take, tiyon robar birki ya toshe daga ciki, yana barin mai ya shiga ba ya barinsa ya koma. In ba abin da ya canza, fistin ne ya maƙale, ko sifirin ya mutu, ko ajasta ta yi tsauri.

Mataki na huɗu: cire ganga

A Toyota da Honda da yawa, fuskar ganga tana da ramuka biyu masu zare na kusoshi mai kaurin milimita 8. Ka ɗaura kusoshi biyu, wannan kaɗan wancan kaɗan, su turo gangar waje. Idan ta taso kaɗan ta tsaya tana ja da baya kamar da sifirin, dakata. Leɓen da ya fito a bakin ganga ne ya kama shu, kuma idan ka matsa za ka tsinke fil, ka lanƙwasa shu. Cire 'yar robar da ke bayan faranti, tura hannun ajasta da siririyar sukudireba, ka juya haƙoranta da wata har shu su koma ciki. A Golf 3 tsarin daban ne: ajastarsa ɗan ƙarfe ne mai tsini da ake turawa sama ta ramin notin taya, kuma boris a cikin gangar yake, sai an cire murfi da fil da babban noti. Idan tsatsa ce ta riƙe ganga a tsakiya, doki fuskarta tsakanin kusoshin taya, ba gefenta ba.

Ƙurar da za ka tarar kada ka hura ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin lainin da wasu masu arha suna iya ƙunsar asbestos, wanda yake yi wa huhu illar da ba ta warkewa. Sa takunkumi, jiƙa wurin da maganin wanke birki na fesawa ko ruwan sabulu, ka goge da tsumma. Fetur da kananzir ba nasu ba ne nan, suna kumbura robar silinda. Kada wani ya taka birki ganga tana waje, fistin zai fito. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, kuma ka buɗe ɓari biyun amma ka kwance ɗaya kaɗai, ɗayan ya zama madubi.

Mataki na biyar: karanta abin da ka gani

Nemi wurin da yake sheƙi inda bai kamata ba. Ƙarfen da ake gogawa yana yin fari tas a cikin tsatsa, ko a gefen faranti, ko a kan sifirin, ko a gefen shu. Sau da yawa wannan kaɗai ya gama bincike.

Auna lainin a wurin da ya fi siranta. A Corolla iyakar da kamfani ya sa milimita 1 ce, amma ni ban ga dalilin jira ya wuce 1.5 ba. Zura bakin sukudireba a hankali tsakanin lainin da ƙarfe a ƙarshen shu, idan yana ɗagowa ya ɓamɓare. A irin gangar ƙananan motoci, shu na gaba yana cinyewa fiye da na baya, wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne tayar hagu ta cinye ta dama tana sabuwa.

Ɗaga robar da ke kowane gefen silinda. A bushe ya kamata ta kasance. Idan mai ya taru a ciki, silindar ta mutu. Tura shu hagu da dama da tafin hannu, fistin biyun su motsa. A Hilux da Hiace ka bambance man birki da man giya: na birki siriri ne kuma ruwa yana wanke shi, na giya mai kauri ne da wari mai ƙarfi, yana fitowa daga sil ɗin aksul, wato robar da take tare man giya a ƙarshen sandar da ke juya taya. Idan shi ne, duba ɗan ramin shan iska da ke saman aksul, don idan laka ta toshe shi, sabon sil ma zai zubar. Lainin da ya sha mai an gama da shi. Wanke shi da fetur ko ƙona shi da wuta ba ya fitar da man da ya shige ciki, da ya yi zafi zai sake tsattsafowa.

Shafa cikin ganga da farce. Zane marar zurfi samfefa za ta ɗauke shi. Kwari mai kama farce, ko tabo shuɗi na ƙuna, sai an fere ko an canza. Tsaga ko yaya take, canzawa ne. A jikin kowace ganga an rubuta iyakar faɗinta, yawanci bayan kalmomin MAX DIA. Ta Corolla ta 2003 zuwa 2008, idan gangar sabuwa ce, milimita 200 ce, iyakarta 201, ka ga abin da za a iya ferewa kaɗan ne ƙwarai. Gangar da ta wuce iyaka ta yi siriri, tana saurin zafi da karkacewa, kuma lanƙwasar shu ba ta zama daidai a cikinta. Don ka gani da idonka, shafa alli a cikin ganga, ka goga shu a ciki da hannu. Allin ya kamata ya kama kusan duk fuskar lainin. Idan ƙarshe biyu kaɗai ya taɓa, ga tushen ƙiiii ɗinka.

Sai ka cire shu ka duba wuraren nan shida. Kwari marar zurfi a goge shi da fayil ya yi sumul, mai zurfi a canza faranti. Kwance ajasta, wanke zarenta, ka tabbatar tana juyawa da yatsa kuma haƙoranta ba su cinye ba. Ta hagu da ta dama zarensu ya saɓa, idan aka musanya su, maimakon ta matso da shu sai ta riƙa janye shi.

Mataki na shida: mayarwa da daidaitawa

Shu ana canza shi ne a tayoyi biyu tare. Sifirin ma a canza tare da shi idan sun yi tsatsa ko sun canza launi saboda zafi, kuɗinsu bai kai na rabin ganga ba. Shu ɗin da aka sake manna wa lainin a kasuwa ya fi arha, amma mannin kamfani da zafi da matsi ake yinsa, kuma lainin da ya ɓalle a guje yana iya ƙame taya nan take. A motar da take ɗaukar iyali ko fasinja, ba zan sa shi ba.

Shafa giris na birki mai jure zafi, ɗan kaɗan, a wuraren shida da zaren ajasta da inda ƙarshen shu yake zama. Baƙin mai ba ya wannan aiki, zai narke ya gangara kan lainin. Idan tsohon lainin za ka mayar, goge sheƙinsa da samfefa, ka ɗan rage kaifin ƙarshensa. Kankare leɓen ganga da tsatsar da ke fuskar da take zama a kai.

Buɗa ajasta har ganga ta shiga da ɗan shafi, taka birki sau da yawa don shu su zauna a tsakiya, ka sake juyawa. Sai an gama wannan ake taɓa wayar birkin hannu. Masu ɗaure waya don su rufe tazarar shu suna barin birki a ɗan riƙe kullum, ajasta kuma ta daina aiki. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 hannun ya kamata ya kama bayan ya yi ƙas-ƙas sau 6 zuwa 9. Idan an canza silinda, a fitar da iska, a yi amfani da man da aka rubuta a murfin tulu, DOT 3 ko DOT 4.

Akwai wata al'ada da nake roƙon kada ka yarda a yi wa motarka: silinda ta fara zuba, sai a toshe bututun da yake kai mai wannan tayar da ƙusa ko a matse shi, a ce ai birkin gaba ya isa. Gaskiya ne gaba yana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa, amma baya ne yake riƙe mota ta tsaya a miƙe, kuma idan an yi lodi rabonsa ƙaruwa yake. Mota mai birki a taya uku tana juyawa ranar da aka taka da gaske.

Bayan an haɗa, taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa. Fita titi marar cunkoso, ka rage gudu daga kilomita 50 zuwa 10 a hankali kamar sau goma, kana barin tazara tsakani don ganga ta huce. Sake gwajin birkin hannu da na zafi. Idan har yanzu akwai ƙara a ɓari ɗaya kuma ka rasa gane ko ganga ce ko kayan ciki, musanya gangar hagu da ta dama na ɗan gwaji, a motar da gangarta take zarewa ba tare da boris ba. In ƙarar ta bi gangar ta koma ɗaya ɓarin, ganga za ka saya. In ta tsaya inda take, koma kan faranti da sifirin da boris na wannan ɓarin.